Babi Na Shida: Wa'adin Shiru

A ranar 17 ga watan Nuwamba na 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a jihar Kebbi domin ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Zaɓen Kebbi ba a banza ba ne. Fadamar Gulbin Rima, wadda ta ratsa Argungu da Zauro zuwa Birnin Kebbi, tana cikin wuraren da suka fi ba da shinkafa a ƙasar nan. Tun 1969 ake maganar babban aikin ban ruwa na Zauro, wanda aka tsara zai shayar da sama da hekta 10,000. Aikin bai kammalu ba, manoma kuwa ba su zauna jiransa ba. Da ɗan injin ban ruwa da rijiyoyin fadama suke noman rani.

A lokacin, rancen yana da sharuɗɗa. Sai manomi ya shiga ƙungiya, ya buɗe asusun banki, ya yi rajistar BVN, ya kuma ba da lambar waya. Kafin wannan, a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an riga an fara raba taki mai rangwame ta saƙon waya. Ta haka manomin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya wayi gari sunansa yana kwance a cikin kwamfutoci barkatai: na banki, na kamfanin waya, na hukuma, in kuma ya buɗe WhatsApp, har da na ƙetare.

A kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai agogo da aka ɗaura wa sunansa. Ba lokacin sallah yake nunawa ba, ba kuma na ban ruwa ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne tsawon shirun mutum. Ranar da shirun ya cika wa'adi, sai na'ura ta yanke hukunci ba tare da ta tambayi kowa ba. Daga nan ne ake jin maganganun da kowa ya saba da su a bakin shagon masu POS: "an rufe mini layi", "asusun ya kwanta", "sun ce sai na je banki da kaina".

Suna a jikin buhu

Manhajojin da ke cikin wayoyinmu ba su cika riƙe bayanai a wayar kaɗai ba. Suna ajiye su ne a manyan ɗakunan kwamfuta da ake haya ta intanet, abin da ake kira rumbun gajimare. Wasu ɗakunan suna Legas, kamar na Rack Centre. Gwamnatin tarayya tana da nata ƙarƙashin Galaxy Backbone a Abuja. Kamfanin Amazon ya buɗe babban reshensa na farko a Afirka a birnin Cape Town a watan Afrilun 2020. Manhaja ba ta shiga irin wannan rumbu da ka. Akwai ƙofa da aka tanada, mai ƙayyadaddun kalmomin umarni: ajiye wannan, miƙo mini wancan, goge wancan. Ita ce ake kira API.

Mafi sauƙin tsarin ajiya a can shi ne wanda duk mai hulɗa da sito a kasuwar shinkafa zai gane nan take. Ka kawo buhu, an rubuta suna a jikinsa, an jingine. Mai sito bai damu da abin da ke ciki ba. In ka dawo ka faɗi sunan, a ɗauko maka. Sunan da ke jikin buhun shi ne masu wannan sana'a ke ce wa makulli, abin da ke ciki kuma shi ne ajiyar. To, a ce mai siton ya kafa doka: duk buhun da ya yi kwana talatin mai shi bai leƙo ba, za a fitar da shi a ba wani wurin. Kowace leƙowa sai ya goge tsohuwar ranar da ke jikin buhun ya rubuta sabuwa. Wannan gogewa da sake rubutawa ita ce dukan maganar babin nan.

Agogon iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda ke fara ƙirga tun daga lokacin ajiya kuma babu abin da ke mayar da shi baya. Lambar sirrin da banki ke turo maka ta saƙo kafin ka tura kuɗi irin wannan agogon gare ta. 'Yan mintuna ne, ko ka duba ta sau goma ba za a ƙara mata daƙiƙa ɗaya ba, kuma haka ya dace. Akwai kuma mai sabuntuwa, wanda ke komawa farko duk sa'ad da mai abu ya motsa. Shi ne agogon da ke kan zamanka a cikin manhajar banki: muddin kana latse-latse kana ciki, da ka ajiye wayar ka tafi alwala sai ka dawo ka tarar an fitar da kai.

Wanda ya taɓa tura kuɗi da *737# ko *901# ko *894# daga bakin gona ya san ɗacin wannan agogo. Kowane mataki da ka kai, galibi ana riƙe shi ne a ƙarƙashin wani makulli mai gajeren wa'adi. Ka zaɓi banki, an sabunta. Ka sa lambar asusu, an sabunta. Ka tsaya laluben takardar da ka rubuta lambar, ko kana jiran yaro ya karanta maka abin da ya fito, ko sabis ya ɗauke, sai wa'adin ya cika. Na'urar ba ta san kana nan tsaye da wayar a hannu ba. Ita dai ta ji shiru, ta share, sai ka sake daga farko.

Yadda ake mayar da agogon baya

Manhajoji biyu ne suka fi shahara a wannan aiki. Memcached, wadda Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003 domin shafin LiveJournal, da Redis, wadda Salvatore Sanfilippo ɗan ƙasar Italiya ya fitar a 2009. Amazon da Google da Microsoft duk suna ba da hayar irinsu a rumbunansu. A cikin Redis, umarnin EXPIRE ne ke ɗaura wa makulli wa'adi da daƙiƙu. Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne. In aka sake ba da umarnin a kan makullin, sabon wa'adi ya maye gurbin tsoho. Umarnin TTL yana faɗin abin da ya rage: in ya amsa da -1, makullin ba shi da wa'adi, in ya amsa da -2, babu shi ma sam. Umarnin PERSIST kuma yana cire agogon ɗungurungum.

A faɗe abu ne mai sauƙi, amma ramukan da ke cikinsa sun kayar da ƙwararru da yawa.

Na farko, karanta ajiya ba ya sabunta wa'adinta. Mai rubuta manhaja yakan ɗauka cewa tunda mutum ya shigo an ɗauko bayanansa, agogo ya koma farko. Bai koma ba. Sai an ba da umarnin sabuntawa daban. Akwai ma wani umarni a Redis mai suna TOUCH da ke ruɗar sababbin hannu: yana rubuta cewa an taɓa makullin kwanan nan, abin da ke taimaka masa kada a fara da shi idan rumbu ya cika ana neman abin zubarwa, amma ba ya ƙara wa wa'adin ko daƙiƙa. A Memcached kuwa umarni mai wannan suna shi ne ainihin mai sabunta wa'adi. Suna ɗaya, aiki daban.

Na biyu, idan karantawa da sabuntawa umarni biyu ne, to akwai rata a tsakaninsu, komai ƙanƙantarta. Makulli zai iya mutuwa a cikin ratar nan, ko layin sadarwa ya yanke bayan na farko kafin na biyu ya isa. Shi ya sa a 2021, a fitowar Redis ta 6.2, aka ƙaro umarnin GETEX, wanda ke ɗauko ajiya ya kuma sabunta wa'adinta a bugu ɗaya.

Na uku kishiyar na farko ne. Idan aka sake rubuta ajiya da umarnin SET ba tare da an ambaci wa'adi ba, tsohon agogon yana faɗuwa, makullin ya zama na dindindin. Abin da aka so ya ɓace bayan awa ɗaya sai ya shekara yana nan. Sai a 2020 aka ƙaro zaɓin KEEPTTL domin a iya canza ajiya a bar agogonta yadda yake.

Na huɗu ya fi ban dariya ga wanda bai faɗa ciki ba. A Memcached, duk lambar da ta wuce daƙiƙa 2,592,000, wato kwana 30, ba a ɗaukarta a matsayin tsawon lokaci. Ana ɗaukarta kwanan wata ne, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun 1970, ranar da kwamfutoci ke fara lissafin lokacinsu. Wanda ya so ajiyarsa ta yi kwana 60 ya rubuta 5,184,000, sai na'urar ta fahimci farkon watan Maris na 1970 yake nufi. Ranar ta wuce tun tuni, don haka ajiyar ta mutu tun kafin ta zauna.

Kowane rumbu kuma da ɗabi'arsa. A Cosmos DB na Microsoft, ana ƙirga wa'adi daga lokacin da aka yi wa abu gyara na ƙarshe, don haka dubawa kawai ba ta hana shi tafiya. A DynamoDB na Amazon, ranar mutuwar ake rubutawa a jikin abin, mai son ƙarin lokaci sai ya canza ranar. Sharewar ma ba nan take ba ce, tana iya ɗaukar 'yan kwanaki, kuma kafin nan abin da wa'adinsa ya cika yana iya fitowa idan an nema. Mai manhajar da bai san haka ba zai buɗe wa mutum ƙofar da ya yi zaton ta rufu.

Wane motsi ne ake ƙirgawa?

Duk waɗannan dabarun hannu ne, ana koyonsu a 'yan kwanaki. Tambayar da ta fi su nauyi ba ta na'ura ba ce: me za a ɗauka a matsayin alamar cewa mutum yana nan?

Kowace hukuma da amsarta. A dokokin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗin shiga da shi ba, kamar sa kati, kira, tura saƙo ko sayen data, ana dakatar da shi. In ya ƙara wata shida a haka, ana iya sayar da lambar ga wani. A wajen Babban Bankin Najeriya, motsin da mai asusu ya yi da kansa ne abin lissafi. Kuɗin da banki ya cire na hidima ba ya farkar da asusu. Shekara guda ta shiru tana kwantar da shi, kuma bisa ƙa'idojin da bankin ya fitar a Yulin 2024, kuɗin da ya shekara goma a kwance ana mayar da shi wani asusun amana a Babban Bankin, inda mai shi ko magadansa za su iya nema. WhatsApp yakan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, ko da mutum yana buɗe manhajar kullum yana karanta tsofaffin saƙonni, tunda ba data kamfanin bai gan shi ba. Google ya sanar a watan Mayun 2023 cewa daga Disambar shekarar zai iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, amma kallon bidiyo ɗaya a YouTube da asusun ya isa ya mayar da agogon farko.

Yanzu a ɗora waɗannan lambobi a kan shekarar mutumin fadama. Aikinsa da kuɗinsa zuwa suke yi su tafi tare da ruwa. Akwai watannin da asusu ke motsi kullum: sayen iri, taki, man injin, biyan 'yan ƙwadago, sannan kuɗin shinkafa idan an kai wa masu casa irin su Labana a Birnin Kebbi ko WACOT a Argungu. Akwai kuma watannin da babu abin shiga balle na fita. In ambaliya ta zo irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, shirun yakan zarce kaka guda. Matashi ya tafi ci-rani kudu ya bar layin da aka yi rajistar ƙungiya da shi a cikin akwati a gida. Wani layi biyu gare shi, ɗaya ne ke kamawa a gona, ɗayan da banki ya sani sai an shiga gari. Masuncin da ke shiga ruwan Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, harkarsa da masu shirya bikin sau ɗaya ce a shekara, wani lokaci ma a yi shekaru ba a yi ba. Duk waɗannan mutane suna nan da ransu da lafiyarsu. Agogon da aka saita da rayuwar ma'aikacin ofis mai albashin wata-wata shi ne ke ganin kamar sun tafi.

Rufe layi ma da sauƙi a kan abin da ke biyo baya. Agogon nan daban-daban suke, ba sa magana da juna. Kamfanin waya ya ga shiru ya sayar da lambar, banki kuwa bai sani ba, yana ci gaba da tura sanarwar shigar kuɗi da lambobin sirri zuwa wayar baƙo. In baƙon mai tsoron Allah ne, ya share. In ba haka ba, ga ƙofa a buɗe. Ba a nan kaɗai ake wannan kuskure ba. A 2013 kamfanin Yahoo ya saki adireshin imel ɗin da suka shekara ba a shiga ba ya raba wa sababbin mutane, sai wasunsu suka fara samun wasiƙun da aka aiko wa masu adireshin na da. Goge ajiya abu ne guda, miƙa makullinta ga wani kuma abu ne daban, kuma shi ya fi haɗari.

Me zai hana a bar komai har abada?

Mai karatu zai iya cewa to a cire agogon mana kowa ya huta. Ba zai yiwu ba, saboda dalilai uku. Wurin ajiya kuɗi ne, musamman irin mai saurin nan da Redis ke amfani da shi, kuma lambobin waya ƙayyadaddu ne. Sannan tsaro: wayar da aka sace a kasuwa, in zaman mai ita a manhajar banki ba ya ƙarewa, ɓarawo ya gaji asusu. Na uku doka ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu domin abin da aka karɓe su.

Don haka wayon da wasu masu manhaja ke yi, na rubuta ɗan shiri da ke bi cikin dare yana sabunta wa'adin kowane makulli don kada a yi musu ƙorafi, ba gyara ba ne. Sun bar agogon a rataye sun cire masa batir. Rumbu zai cika da bayanan mutanen da suka rasu ko suka daina hulɗa tun shekaru, kuɗin haya ya hau, kuma ranar da ɓarayin intanet suka fasa, har da waɗannan za su kwasa. A rumbunan da ake biyan kuɗi kan kowane rubutu, sabuntawar ma kanta tana da farashi. Shi ya sa masu lura ba sa sabuntawa a kowane latsi, sai idan abin da ya rage na wa'adin ya gaza rabi. Kuma ko agogo mai sabuntuwa sukan yi masa iyaka ta ƙarshe, ta yadda komai motsin mutum, wata rana sai an ce ya sake shaida cewa shi ne.

Cigiya kafin hukunci

Tambayar yaushe ne shiru ke zama rashi ba kwamfuta ta kawo ta ba. Malaman fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Sakkwato sun daɗe da tattauna ta. Wanda ya tsinci dukiya mai daraja ba ya cin ta don kawai bai ga mai ita ba, sai ya yi cigiya shekara guda. Matar da mijinta ya ɓace ba ta ƙirga wa kanta kwanaki a ɗaka. Tana kai magana gaban alƙali, a bincika, in an rasa labarinsa sannan a yanka mata wa'adin shekara huɗu. A duka biyun, nema yana gaba da hukunci, kuma tsawon jira yana bin girman abin da za a rasa.

Mai gina manhaja domin manoman Zauro, ko na Kura, ko na Maraɗi, zai iya ɗaukar wannan tsari yadda yake. Ya raba ajiyarsa gida-gida. Lambar sirri ta mutu cikin mintuna, kada a taɓa sabunta ta. Zaman tura kuɗi ya zama gajere, amma a riƙe matakin da mutum ya kai na ɗan lokaci, domin in sabis ya yanke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Rajistar manomi da tarihin rancensa kuwa, wa'adinsu ya zarce shekara guda cur, ya haɗa damina da rani har da rarar kakar da ruwa ya ci. Ya faɗaɗa abin da yake ƙirgawa a matsayin motsi: karɓar taki a hannun wakili, halartar taron ƙungiya, amsa saƙo da lamba ɗaya. Kafin wa'adi ya cika ya yi cigiya, da Hausa, ta saƙo da kiran murya, ta bakin shugaban ƙungiya in ta kama. In wa'adin ya cika, ya fara da kulle ajiyar ya mayar da ita rumbu mai araha, sharewa ta zo daga baya. Kada kuma ya ɗauki lambar waya a matsayin mutum, domin lamba tana canza hannu.

Shi kuma mai waya, nasa aikin bai da yawa. Layin da banki ya sani, a sa masa kati ko na naira ɗari ne a yi kira da shi kafin wata uku su cika. Asusun rance ko na ajiya, a motsa shi da hannu ko da ɗan ƙaramin kuɗi ne tsakanin kaka da kaka. In layi ya ɓace ko an daina amfani da shi, a je banki a canza lambar tun kafin a sayar da ita. Wanda ya yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa rajista, shi ne zai riƙa tuna musu, tunda su ba su san ana ƙirga musu kwana ba. Idan kuma mai asusu ya rasu, magada su sanar da banki da wuri su bi hanyar gado, maimakon su bar layinsa ya mutu lambar ta faɗa hannun wanda ba su sani ba.